Yadda ake gano ɓangaren da ya lalace a kwamfutar tebur kafin a kashe kuɗi

Idan kwamfutar tebur ta ƙi tashi a ofis ko a shagon buga takardu, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne madabod ta ƙone. Wani lokaci hakan gaskiya ne, amma sau da yawa laifin na wani ƙaramin ɓangare ne da bai kama ƙafar madabod a tsada ba. Wanda ya yi gaggawar saye sai ya kashe kuɗi, matsalar kuma tana nan daram.

Ƙa'idar da ƙwararrun masu gyara ke bi ita ce a fara da abu mafi sauƙi, a canza abu ɗaya kacal a lokaci guda, sannan a kunna a gani. Wanda ya canza abubuwa uku tare, ko kwamfutar ta tashi, ba zai san wanne ne mai laifin ba.

Matakin farko shi ne lura da alamu. Akwai bambanci tsakanin kwamfutar da ba ta motsi ko kaɗan, da wadda fankokinta ke juyawa amma monita ba ta nuna komai, da wadda ke tashi sannan ta mutu ana tsakiyar aiki. Kowace alama da inda take nuni.

Idan babu haske babu ƙara, a fara da soket da wayar wuta da makunnin da ke bayan akwatin raba wuta, wanda ake kira PSU. Wasu tsofaffin kwamfutoci na da ɗan maɓalli a baya na zaɓi tsakanin volt 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce, don haka kwamfutar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka na iya ƙonewa nan take idan aka jona ta maɓallin yana kan 115.

Aikin wannan akwati shi ne mayar da wutar bango zuwa volt 12 da 5 da 3.3. A bisa tsarin ATX, wayoyi masu ruwan ɗorawa ne ke ɗauke da 12, ja 5, masu ruwan lemo kuma 3.3. Ƙa'ida ta yarda da sauyin kashi 5 cikin ɗari kawai, wato layin volt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 a mitar awon wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a aro wani akwatin mai lafiya a gwada. Kada wanda ba ƙwararre ba ya buɗe cikinsa, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.

Idan fankoki na juyawa amma babu hoto, a tabbatar da lafiyar monita da wayarta, sannan a koma kan RAM. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, tana binciken kanta kafin ta ɗora Windows, kuma idan ta ga matsala takan sanar ta hanyar ƙarar "fit-fit" ko ƙananan fitilu a jikin madabod masu alamar CPU, DRAM, VGA da BOOT. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka littafin madabod ɗin ne abin dogaro.

A kashe kwamfutar, a zare wayarta, a taɓa ƙarfen jikin akwatin domin sauke cajin da jikin mutum ke tarawa, musamman a lokacin hunturu. Daga nan a cire sandunan RAM, a share ƙura, a mayar da guda ɗaya a kunna. Idan ta tashi da wannan ta ƙi da waccan, an kama mai laifi. Manhajar MemTest86 kuma na tona asirin RAM ɗin da ke aiki amma yana kuskure. Haka ake yi wa katin hoto: a cire shi a jona monita kai-tsaye da madabod, idan furosesar na iya fitar da hoto da kanta.

Kwamfutar da ke mutuwa bayan 'yan mintoci galibi zafi ne ke damun ta. Ƙurar hunturu kan toshe fankar furosesa, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta kuma kan bushe. Wadda ke manta kwanan wata duk sanda aka kashe ta kuwa, batirin CR2032 mai volt 3 da ke jikin madabod ne ya ƙare.

Faifan ajiya shi ne ya fi buƙatar hattara, domin shi ke ɗauke da abin da kuɗi ba ya mayarwa. Idan ya fara ƙarar "ƙas-ƙas", ko manhaja irin CrystalDiskInfo ta nuna gargaɗi, a kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri kafin kowane gwaji.

Sai bayan an wanke waɗannan duka ne zargi zai faɗa kan madabod ko furosesa. Ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko a shagon unguwa, mai kaya na da haƙƙin neman a gwada masa da wani ɓangare mai lafiya a gabansa, a kuma ba shi wanda aka cire. Bayan gyara, a nemi abin da ya jawo lalacewar, domin sabon akwatin wuta da aka jona kai-tsaye da janareta ba tare da UPS ko istabilaiza ba na iya bin sahun tsohon.