Dukiya a Matsayin Amana: Koyarwar Kiristanci game da Kuɗi, da Misali daga Kankiya da Kusada

Gabatarwa

A ƙasar Kankiya da Kusada, inda Musulmi ne mafiya rinjaye, akwai tsirarun Kiristoci: Hausawan da kakanninsu Maguzawa ne, da ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu sassan Nijeriya. Kasuwa ɗaya ake ci, ana kuma cuɗanyar bashi da ajiya. Da kaka, manomi Musulmi yakan ware dami ɗaya cikin goma na geronsa, Kirista mai riƙo da addininsa ma haka, kuma kowannensu na iya kiran abin da ya fitar zakka. Wannan tarayya a lafazi takan sa ɗalibi ya zaci hukuncin ɗaya ne. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace inda aka haɗu da inda aka rabu.

Asalin tarayyar lafazi

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta fara aiki a 1893, tana cikin waɗanda suka yaɗa Kiristanci a karkarar lardin Katsina, kuma daga gare ta cocin ECWA ta fito a 1954. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu fassara sun tarar Musulunci ya riga ya ƙosar da harshen da kalmomin ibada, sai suka ari irin su zakka da ushiri da sadaka, suka ɗora musu ma'anonin addininsu.

Ginshiƙan koyarwar

Na farko, dukiya ta Allah ce, mutum wakili ne da za a tambaya. Babbar hujjarsu ita ce misalin da Linjilar Matiyu, sura ta 25, ta jingina wa Annabi Isa (AS), na maigidan da ya damƙa wa bayinsa uku kuɗi: biyu suka juya nasu aka yaba musu, ɗaya ya binne nasa aka zarge shi. Daga nan suke ciro wajabcin aiki da tattali da riƙe lissafi.

Na biyu, ushiri, wato ɗaya bisa goma. Tushensa Tsohon Alkawari ne, musamman Littafin Firistoci, sura ta 27, da Malakai, sura ta 3. Malamansu sun saɓa: da yawa daga cocin bishara da na Fentikos suna ɗaukarsa tilas, Katolika kuwa ta wajabta tallafa wa coci gwargwadon hali ba tare da ƙayyade kaso ba, wasu kuma suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta biyu ga Korintiyawa cewa abin nema shi ne bayarwa da daɗin rai. Ban da ushiri akwai baiko na ranar Lahadi da godiyar kaka.

Na uku, tsoratarwa daga son kuɗi da nauyin bashi. Littafin Karin Magana, sura ta 22, ya kwatanta mai cin bashi da bawan mai binsa. Wannan ne ya sa malamansu da dama ke sukar wa'azin arziki, wanda Benson Idahosa (ya rasu 1998) ya shahara da shi, mai alƙawarta wadata ga duk wanda ya bayar.

Inda aka rabu

Zakka a Musulunci rukuni ce mai nisabi. Hatsi sai ya kai wusuƙi biyar, a fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan da wahalar ban-ruwa ne. Kuɗi kuwa ɗaya bisa arba'in ne, bayan shekara ta kewayo. Masu karɓa jinsi takwas ne, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance. Ushiri ba shi da nisabi, yana hawa kan duk abin da ya shigo hannu, ko albashi ko amfanin gona, kuma majami'a ake kai wa domin hidimar fasto da gini da taimakon mabuƙata. Ke nan noman damina kaɗai ne adadin ya dace.

Haka ma riba. Littafin Fitowa, sura ta 22, ya hana karɓar ruwa daga talaka. Majalisar Nikiya ta 325 ta haramta shi ga limamai, ta Lateran ta 1179 ta tsananta wa masu cinsa. Amma a 1545 John Calvin ya halatta matsakaicin ruwa a bashin kasuwanci, kuma a kan haka mafi yawan coci suke a yau. Musulunci bai sassauta ba.

Kammalawa

Wanda zai yi fatawa kan haɗa jari ko adashi tsakanin Musulmi da Kirista yana buƙatar wannan rarrabewa. Cika alƙawari da biyan bashi da tsare amana abubuwa ne da kowane ɓangare zai iya tunatar da ɗan'uwansa daga littafinsa. Batun ruwa kuwa, wajibi ne a sharɗanta shi a fili tun kafin kuɗi su shiga hannu, domin abin da ɗaya yake gani halal, haramun ne ga ɗayan. Allah ne Mafi sani.