Shukar buhu da bokiti: ruwan da ke rayar da ita shi ke kashe ta

Tun da tsadar kayan miya ta matsa wa gidaje, musamman a shekarar 2024 da tumatir ya nemi ya gagari talaka, shuka a cikin buhu da bokiti ta samu karɓuwa a biranenmu. A Kano da Zariya da Kaduna ba a rasa gidan da aka jera buhunan siminti a gindin katanga, wannan da tumatir, wancan da attaruhu, can kuma alayyahu ko kuɓewa. Abin a yaba ne. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan ƙoƙari labarinsu iri ɗaya ne: shuka ta taso shar da ita, bayan 'yan makonni ganyen ƙasa ya fara rawaya, ta yi yaushi, ta bushe. Daga nan sai a ɗora laifi a kan iri, ko zafin rana, wani lokaci har da kambun baka. Mafi yawan shukokin da ke mutuwa a cikin buhu da tukwane ruwa ne ke kashe su, ko kai tsaye ko ta hanyar cututtukan da yake buɗe wa ƙofa. Wanda ya iya sarrafa damshin ƙasarsa ya gama da mafi yawan matsalarsa tun kafin ya taka shagon maganin feshi.

Abin da aka fi mantawa shi ne saiwa tana numfashi. Ganye yana samun iska a sarari, ita kuwa saiwa iskarta tana cikin ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan aka yi ban ruwa sai ƙofofin su cika, daga baya ruwan ya tsiyaye daga manyan, iska ta koma mazauninta. Idan bai tsiyaye ba, saiwa ta shiga uku, domin iskar da take shaƙa tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Kwana biyu ko uku a cikin caɓi sun isa ƙananan jijiyoyin da ke zuƙar ruwa su fara mutuwa. A nan ne rikicin yake. Saiwar da ta mutu ba ta iya kai ruwa sama, don haka shukar da ta nutse tana yin yaushi daidai da wadda ƙishirwa ta kama. Mai ita ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa. Bambance su ba wuya. A cusa yatsa a cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ko a ɗaga bokitin a ji nauyinsa. In ƙasa tana da damshi kuma shuka tana yaushi da sassafe, ba ruwa take nema ba. In aka zare ta za a tarar saiwar da ya kamata ta kasance fara, mai ƙarfi, ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu, wani lokaci da wari.

Me ya sa wannan ya fi faruwa a tukunya bisa gona? Saboda gona ba ta da gindi. Ruwan da ya yi yawa a gona ƙasar da ke can ciki tana ci gaba da jan sa ƙasa. A tukunya kuwa ƙasa tana ƙarewa ne a kan roba ko leda, kuma ko an huda ƙofofi, ruwa ba ya barin ƙasa ya faɗa sarari sai ƙasar ta cika maƙil. Kamar soson katifa ne da aka tsoma a ruwa aka tsayar: samansa zai bushe, gindinsa ya daɗe yana jiƙe. Kowace tukunya tana da wannan jiƙaƙƙen sashe a gindinta, kuma kaurinsa ya dogara ne da irin ƙasar da aka zuba, ba da girman tukunyar ba. Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, dogon mazubi ya fi faffaɗa gajere, domin a cikin baho ko tsohuwar roba mara zurfi kusan duk saiwar tana zaune ne a cikin jiƙaƙƙen sashen. Na biyu kuwa ya saɓa wa shawarar da kowa ke bayarwa, wato a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Tsakuwar ba ta taimakawa. Ruwa ba ya son ƙetarawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, ke nan an ɗago caɓin kusa da saiwa, an kuma rage wa shuka wurin zama. Abin da ke aiki shi ne a gyara ƙasar gaba ɗaya: a guji laka tsantsa, a cakuɗa ƙasar jigawa da ruɓaɓɓen taki da buntun shinkafa ko dakakken gawayi, a huda ƙofofi da yawa a gindi da gefen ƙasa, sannan a ɗora mazubin a kan bulo ko duwatsu kada siminti ya toshe su. Farantin da wasu ke sakawa a ƙarƙashi don kada tsakar gida ta jiƙe, ban da riƙe ruwa, gidan sauro ne.

Cuta tana shigowa ne ta wannan ƙofa. Ƙwayoyin da suka fi ruɓar da saiwa da kashe dashe tun yana ƙarami, waɗanda masana ke kira Pythium da Phytophthora, 'ya'yansu iyo suke yi. Suna da 'yar wutsiya da suke kaɗawa a cikin ruwan da ya cika ƙofofin ƙasa, suna bin ɗanɗanon abin da saiwa ke fitarwa har su isa gare ta. Idan babu ruwa kwance, babu hanyar tafiya. Ba ƙananan abokan gaba ba ne. Wani daga dangin Phytophthora shi ne ya lalata dankalin ƙasar Ailan daga shekarar 1845, aka yi yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, kuma shi ne har yanzu yake addabar manoman dankalin Turawa a Filato idan damina ta yi nauyi. Cututtukan ganye su ma da ruwa suke tafiya. Ɗigo-ɗigon nan masu zobe a ciki da ke farawa daga ganyen tumatir na ƙasa suna hawa sama, ƙwayarsu daga ƙasa take, fallatsin ruwa ne ke ɗaga ta ya manna a ganye, kuma tana bukatar ganyen ya yi sa'o'i yana jiƙe kafin ta shiga. Shi ya sa hanyar ban ruwa take da muhimmanci kamar yawansa. A zuba a gindi, ba a ka ba. A yi da safe, don abin da ya taɓa ganye ya bushe da wuri. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don ta tare fallatsi, a cire ganyen da ke taɓa ƙasa, a bar tazara tsakanin buhuna iska ta ratsa. A watan Agusta, lokacin da ake iya kwana uku ana yayyafi, mai buhu yana da damar da manomin gona ba shi da ita: yana iya jan shukarsa ƙarƙashin rumfa, ya kuma janye ta daga bakin indararo.

Wani zai ce wannan magana ta ƙasashen sanyi ce, mu nan a watan Afrilu zafi yana kai maki 40, bokiti yana bushewa kafin azahar, wa zai ce a rage ruwa? Gaskiya ce, kuma a bazara ƙishirwa tana kashe shuka. Amma maganar ba a rage ruwa ba ce, a daidaita shi ne. Tumatir da ake bari ya bushe ƙarmas yau, gobe a cika shi da ruwa, shi ne wanda 'ya'yansa ke tsagewa, ko gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Wannan baƙin ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka feshi ba ya maganinsa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan tumatirin ba saboda ruwan da ke ɗauke da shi yana yankewa. Maganin bazara yana cikin zaɓen mazubi. Tumatir ɗaya yana bukatar kamar bokitin fenti mai lita 20, ba gwangwanin madara ba, domin ƙasa mai yawa ta fi daɗewa da damshi. Baƙar roba a rana tana dafa saiwar da ke jikinta, kuma saiwar da zafi ya raunana ita ce ta fi saurin ruɓewa idan ruwa ya zo, don haka a lulluɓe ta da farin buhu ko a kare gefenta daga ranar yamma. Tukunyar ƙasa ta fi sanyi saboda ruwa yana naso ta jikinta yana tafiya da zafi, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Farashin wannan sanyi shi ne tana shan ruwa fiye da roba. Akwai kuma kuskuren masu yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Saman ƙasa kawai ke jiƙewa, saiwa ta taru a sama, gishirin taki da na ruwan burtsatse ya yi ta taruwa har ya yi fari a bakin tukunya, gefen ganye ya ƙone. Gara a ba ta sosai har ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin, sannan a jira saman ya sha iska.

Wani kuma zai kawo misalin manoman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ke sako ruwa ya malale kwamin tumatir, kuma suna cika motoci zuwa Legas. Su ma ruwan da suke sakowa yana da inda zai tafi, kuma suna barin kwanaki tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Sannan a lura da lokacin da suke noman: da sanyin hunturu, iska a bushe, ganye ba ya kwana a jiƙe. Ba banza ba ne tumatir ke tsada da damina. Abin da ke hana shi yin kyau a gonar damina shi ne abin da ke kashe shi a bokitin da ba ya tsiyayewa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ba kowace annoba ce ruwa ke kawowa ba, kuma dole a yarda da haka. Tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta taso daga Kudancin Amurka, ta cinye gonakin tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, ba ruwanta da ban ruwanka. Haka farin ƙuda mai yaɗa cutar da ke murɗe ganye ya ƙanƙance, haka ƙananan jajayen ƙwarin da ke saƙa a bayan ganye lokacin hunturu, waɗanda bushewa ma suka fi so. Amma a duba abin da wannan ke nufi ga mai buhu 10 ko 20 a tsakar gida. Yana iya juya kowane ganye da hannu, ya tsinke wanda tsutsa ta shiga, ya fesa ruwan ganye ko 'ya'yan dogon yaro, ya tumɓuke wadda ta murɗe kafin ta shafi sauran, tunda ita ba ta warkewa. Ƙwari ana ganinsu, ana iya tare su. Ruɓewar saiwa kuwa a ɓoye take aiki, ranar da ta bayyana a ganye an riga an makara. Magungunan feshi na cututtukan ganye, irin su mankozeb, rigakafi ne da ke zama a fatar ganye, ba sa tayar da saiwar da ta mutu. Wanda kuwa ya ga shukarsa na yaushi ya ɗauko Sniper, maganin ƙwari ya fesa wa ciwon da ba ƙwari suka kawo ba, a kan abin da 'ya'yansa za su ci. Sinadarin da ke cikin Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Sauran abin da ya rage shi ne asalin ƙasar da aka zuba. Babbar falalar shuka a mazubi ita ce mutum ne ke zaɓar ƙasarsa, amma da yawa suna zubar da wannan falala ta hanyar ɗebo ƙasa daga tsohon lambun tumatir, ko su sake dasawa a buhun da wata ta mutu a ciki. Akwai cutar da ke sa tumatir ko barkono ya yi yaushi dare ɗaya alhali ganyensa kore shar. Ƙwayar bakteriya ce da ke zama a ƙasa shekaru, tana bin ruwa daga wannan buhu zuwa wancan idan suna zaune a kwari ɗaya. Ana gane ta a gida: a yanki karan kusa da gindi, a tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau, in ita ce cikin 'yan mintuna za a ga farin abu yana zubowa kamar zare. Idan haka ta faru, shukar da ƙasar duka a fitar da su daga gidan, kada a zuba a cikin taki, a wanke mazubin da wuƙar da ruwan bilic. Haka idan aka ga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma sun fi son rairayi. Zafin bazarar da ake kuka da shi yana da amfani a nan. A jiƙa ƙasar, a shimfiɗa ta ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta, a bar ta a rana mako huɗu zuwa shida a watan Maris da Afrilu. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana rage yawancin waɗannan ƙwayoyi da irin ciyawa. Bayan haka kada a mayar da tumatir inda tumatir, barkono, attaruhu ko yalo suka fito, domin danginsu ɗaya, cututtukansu ɗaya. A sa albasa ko masara a buhun na zango guda tukuna.