Marinin Ƙofar Mata da Sirrin Baba

Shunin da ke jikin rawanin Buzaye ba ya narkewa a ruwa. Abin da bai narke ba kuwa ba ya ratsa zare, sai dai ya kwanta a bisa, wanki ɗaya ya tafi. Wannan matsala ce marinin Ƙofar Mata a Kano ke warwarewa kullum, a karofin da ake cewa an kafa tun 1498.

Ganyen baba, tsiron da ake samun shuni daga gare shi, kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne, indikan, mai sukari maƙale a jiki. In ganyen ya jiƙu ya ruɓa, sukarin ya ɓalle, sai a sami indoksil, wanda ba shi da haƙurin zama shi kaɗai: iskar oksijin na taɓa shi, biyu-biyu za su haɗe su zama shuni.

Daga nan gwanintar take farawa. Marini zai zuba ruwa da toka da katsi da baba a rami, ya motsa da muciya, ya jira kwanaki. Toka ke ba ruwan kaifi irin na kanwa. A cikin kaifin nan ƙwayoyin bakteriya suke cinye oksijin ɗin ramin, su kuma miƙa wa kowace ƙwayar shuni elektron biyu. Da elektron biyun nan shuni ke narkewa, ya koma kore-kore, ya kutsa cikin auduga. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami kore, iska ta karɓe elektron ɗin a gaban idonka, ya rikiɗe shuɗi, ya kulle a cikin zaren. Mai son baƙi wuluk sai a yi ta tsomawa ana ɗagawa.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne, babu ma'auni a hannun marini. Kumfar saman ruwa da wari da launi su ke gaya masa ko baba ya nuna ko ya mutu.

Sai a 1883 Adolf von Baeyer ya zana tsarin shuni a Jamus, kamfanin BASF kuma ya fito da na masana'anta kasuwa a 1897. Masu rina wandon jins har gobe wannan matakin na narkar da shuni suke bi, sinadarin haidirosalfait kawai suka sa a madadin bakteriya. Nasu ya fi sauri da arha, shi ya janye masu saye. Yau ramuka da dama a Ƙofar Mata sun bushe, matasan da ke zama su koyi karatun kumfa kuma sun yi ƙaranci, abin da ke damuna ke nan.