Itacen Gona Na Wa Ne? Darasi Daga Gonakin Maraɗi Da Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da rani zai ga gawo ya yi kore shar a tsakiyar gonaki, ga kalgo da sabara da aduwa jefi-jefi, awaki na tsintar 'ya'yan gawo a gindinsa. Shekaru 40 da suka wuce yawancin gonakin nan fayau suke. Iska kan kwashi rairayi ta binne gero tun yana tsiro, har manomi ya maimaita shuka sau biyu ko uku a damina guda. Mafi yawan itatuwan da ake gani yau ba dasa su aka yi ba, kuma doka na da hannu a ɓacewarsu, tana da hannu a dawowarsu.

Tsare gawo tsohon abu ne a wannan yanki na Nijar. A Damagaram har gobe ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa mai sare shi a ƙarni na 19. Turawan Faransa suka zo da nasu tsarin: dokar gandun daji ta 1935 ta mai da daji mallakar hukuma, ta ware wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. Bayan samun 'yancin kai a 1960, dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan turba.

An yi dokar ne don a kare itace, sai ta raba shi da mai gona. Mutum ya sari reshe a gonar gadonsa zai gyara rumbu ko ya yi shinge, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Takardar izini kuwa tana can gari, sai an yi tafiya, sai an biya kuɗi. Wa zai raini abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Saboda haka da lokacin sassabe ya zo, sai manomi ya bi duk wani toho ya sare, ya tara ya banka wuta. Malaman gona na lokacin ma suna yaba gonar da aka share tas.

A 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aikin gona da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya duba kututture, ya zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassa, ya tsare shi daga dabbobi. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin 'yan shekaru ya zama itace. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Yunwar 1984 ta ba da damar gwada shi a ƙauyuka kusan 100, inda aka riƙa ba da abinci a madadin aiki. Da rabon abincin ya ƙare, mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka fara samun makamashi da abincin dabbobi, geronsu kuma ya fi kyau. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. Abin da ya ƙara wa manoma ƙarfin gwiwa shi ne yadda jami'an gandun daji na yankin suka sassauta cin tara a kan itacen da mutum ya raina da hannunsa.

Daga baya doka ta biyo sahun manoma. Dokar Karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin mallakar gona na gargajiya, ta kafa kwamitocin kula da filaye. Sabuwar dokar gandun daji ta zo a 2004. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan rainon toho, wadda ta tabbatar wa manomi moriyar itatuwan da ya raina.

Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Har yanzu da sauran aiki. Ɓarayin itace na bin dare, makiyaya na sassare rassan gawo idan ciyawa ta ƙare, abin da ya sa ƙauyuka irin Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma, makiyaya da mata. Mai noman aro ko jingina kuwa yakan ji tsoron rainon itace, domin mai gona na iya ɗauka yana neman kafa hujjar mallaka ne. Mata da yawa a wannan sahu suke.

Tambayar ko itacen gona na wa ne ta shafi makwabta ma. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, dokokin gandun daji kuma na jihohi ne, da yawansu gadon zamanin Turawa. Tun 2015 ƙasar ke da hukumar shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, mai aiki a jihohi 11 na arewa, ana kashe kuɗi wajen dashe. Manomin Jibiya ko Maigatari yana da irin kututturen da na Maraɗi ke da shi a gonarsa. Majalisun dokokin Katsina da Jigawa da sauran jihohin bakin iyaka na da ikon rubuta masa a fili cewa itacen da ya raina nasa ne, ya sassabe shi, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa.