Yaron da aka haifa da ƙofar fitsari a ƙasa: abin da lokotoro ke dubawa kafin aiki

Ranar da aka haifi ɗa namiji, unguwarzoma ce ke fara ganin jikinsa wajen wanka. Wani bi takan lura loɓar jinjirin ba ta rufe kan gabansa ba, ta taru a sama kamar hula, ƙasa kuwa a buɗe. Sai mata su ce an haife shi da kaciyarsa, a yi murna. Daga baya ne uwa kan gane fitsarin ɗanta ba daga tsini yake fita ba, daga ƙasa yake zuba.

Wannan nakasa lokotoro na kiran ta ipospadiyas. Cikin yara maza 200 zuwa 300 akan sami ɗaya da ita. Tun cikin ciki take samuwa, wajen wata na uku, lokacin da hanyar fitsari ke naɗewa ta zama bututu. In naɗin bai kai ƙarshe ba, sai ƙofa ta tsaya a hanya. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne. Wajen yara 7 cikin 10 ƙofar na kusa da kai. Ga sauran tana tsakiyar gaban ko can gindi kusa da maraina, sau da yawa kuma gaban ya tanƙware ƙasa. In an bar mai tsanani haka, yaro ba ya sarrafa fitsarinsa, in ya girma kuma aure da haihuwa na iya yi mashi wuya.

Aikin gyara da abin da kan biyo baya

Maganin abin tiyata ne. Tun 1874 wani lokotoro na Faransa, Simon Duplay, ya bayyana yadda ake naɗe fatar wurin a yi sabuwar hanya. A 1994 Warren Snodgrass na Amurka ya fito da dabarar tsaga shimfiɗar hanyar a tsakiya don ta naɗu ba tare da ja ba; ita ce aka fi bi yau ga masu sauƙi. An fi son a yi aikin yaro na da wata 6 zuwa 18.

Amma aiki ne a ƙaramin wuri, da zare siriri kamar gashi, a kan naman da fitsari ke bi kullum. Saboda haka ba duka ke warkewa sumul ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ɗan rami ya ɓulle a kan ɗinki, fitsari ya riƙa fita ta wuri biyu. Wani lokaci sabuwar ƙofa ta tsuke, yaro ya riƙa yunƙuri. Wani lokaci ɗinkin kai ya warware, ko tanƙwarar ta komo. In ƙofar na kusa da kai, kimanin yaro 1 cikin 10 ne ke samun matsala. In tana gindi, abin kan kai 3 zuwa 5 cikin 10.

Awon da ke faɗin abin da ke tafe

Uba kan tambaya: za a yi sau ɗaya a gama? Da, lokotoro kan dubi inda ƙofa take kawai ya ba da amsa. Yanzu an gane wannan bai isa ba, sai an haɗa da wasu awo.

Na farko, faɗin kan gaban. A 2015 Snodgrass da abokan aikinsa sun nuna cewa in faɗin bai kai milimeta 14 ba, matsala ta fi yawa, don naman da za a rufe sabuwar hanya da shi kaɗan ne, ɗinkin da aka ja da ƙarfi kuwa shi ne ke ɓallewa. Kowane tela ya san haka.

Na biyu, shimfiɗar hanyar fitsari, wato naman da za a naɗe. Mai faɗi da laushi na naɗuwa da kyau. Siririya mai tauri kan tsuke.

Na uku, yawan tanƙwara. In ta wuce digiri 30, sau da yawa sai an yanke shimfiɗar kafin gaban ya miƙe, a yi aikin hawa biyu, da kamar wata 6 tsakani.

A 2013 lokotoron birnin Atlanta sun haɗa kai, ƙofa da tanƙwara cikin ma'auni guda mai suna GMS. Kowane ɗaya ana ba shi maki 1 zuwa 4, jimla ta kama daga 3 zuwa 12. Gwargwadon hawan maki, gwargwadon haɗarin ɓullar rami. Ma'aunin ba duba ba ne: ba ya cewa wannan yaro zai sami matsala, wancan ba zai samu ba. Amfaninsa shi ne lokotoro ya zaɓi dabarar da ta dace, iyaye kuma su ji gaskiya tun da wuri, su yi tanadin kuɗi da na tafiya.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da milimeta. Aikin farko shi ya fi kowane damar nasara. Duk wanda aka sake, tabo ya ƙaru, jini ya ragu a naman, haɗari ya hau. Hannun da ya saba da aikin yara shi ya kamata ya fara taɓa wurin.

Abin da ke hannun iyaye da wanzamai

Loɓar nan da ta taru a sama dukiya ce. Da ita lokotoro ke lulluɓe ɗinki don kada rami ya ɓulle, da ita kuma yake ƙara tsawon hanya. In an yanke ta wajen kaciya, ana iya yin aikin, amma ga mai tsanani wani lokaci sai an ɗebo fata daga cikin baki. Don haka wanzamin da ya ga ƙofa ba a tsini ba, ya mai da askarsa kube, ya tura iyaye likita. Lokotoro zai yi kaciyar tare da gyara. In kuma ba a ji maraina cikin jakarsu ba, a gaggauta kai jinjirin babban asibiti don bincike.

Bayan aiki akan bar ɗan tiyo cikin hanyar kamar mako ɗaya zuwa biyu. A tsare shi daga hannun yaro, a tsabtace wurin, a ba shi ruwa isasshe. In fitsari ya zama siriri, ko ya fita ta wuri biyu, ko zazzaɓi ya zo, a koma likita. In rami ya ɓulle ba a ɗinke shi nan take, sai nama ya huta wata 6. Jiran ba sakaci ba ne.

Wasu matsalolin ba su bayyana sai bayan shekaru, har lokacin balaga. Saboda haka a adana takardar asibiti, a mai da yaro awo ko da yana cikin ƙoshin lafiya. Kunyar faɗin ciwo ba ta taɓa warkar da kowa ba.