Warin Wiwi Da Ƙamshin Kayan Yaji

Fataken Tambuwal da Kebbe masu ɗauko kaya daga Kurmi sun san wannan wari tun ba yau ba. Ana noma tabar wiwi a dazuzzukan Ondo da Edo, ana kuwa ɓoye ta cikin kayan halal a biyo da ita hanyar Kwantagora da Yawuri da Jega. Wani lokaci mai buhun citta bai san abin da aka cusa kusa da kayansa ba, sai an tsai da mota, hancin ma'aikaci ya tona.

To, daga ina warin yake fitowa? A jikin furen macen tsiron akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana masu danƙo, cikinsu akwai mai iri iri fiye da ɗari, masu tashi cikin iska. Masana suna kiransu tafin. Abin mamaki, Ubangiji bai keɓe wa wiwi su ba. Wanda ake kira limonin shi ne na ɓawon lemo. Mirsin yana cikin mangwaro. Kariyofilin kuwa yana cikin masoro da kanumfari, watau yana nan cikin kwanon yajin kowace uwargida. Finin shi ne ake ji cikin lubban da ake turara ɗaki da shi. Amma ɗoyin nan mai kama da na bodari ba nasu ba ne. Sai a shekarar 2021 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani sinadari ne mai farar wuta a ciki, ɗan'uwan wanda ke cikin tafarnuwa, ɗan kaɗan ƙwarai ya isa ya cika ɗaki.

Abin da ke juya hankali daban ne, shi ne THC, wanda Gaoni da Mechoulam suka bayyana siffarsa a 1964. Shi kansa kusan ba shi da wari.

Nan ne mas'alar ta shafi malamai. A mazhabar Maliku, shaidar adalai biyu a kan warin giya a bakin mutum tana tabbatar da sha. Amma Shaihu Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya rarrabe cikin littafinsa Alfuruƙ tsakanin mai sa maye da mai ɓata hankali da mai sa barci, ya sa hashisha cikin masu ɓata hankali. Haramcin sha yana nan, hukuncin dai ya bambanta. Wari kuwa yana kama tufa da buhu, har na wanda ya zauna kusa kawai, saboda haka zargin ɗan makwabci da hanci kaɗai gaggawa ne.

Gwamnati ta kafa dokar wiwi mai tsanani a 1966, sa'an nan ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Idan aka sami ƙunshi cikin mota, direba da mai kaya ake fara riƙewa, kafin a kai ga tambayar wanda ya yi lodi a tasha.