Rubutun dare, sallamar safe: ma'aikaci da shafinsa na Facebook

A da, ma'aikacin da ke jin haushin shugabansa sai ya bari an tashi daga biro, ya je fada wurin shan shayi ya amayar da abin da ke cikinsa, iska ta kwashe. Yau fadar ta koma cikin salula, ita kuwa salula ba ta mantuwa. Kano, wadda ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram suka sani kamar gidajensu, ta nuna haka sau biyu cikin wata goma.

A ranar 17 ga watan Afrilu na 2020 Allah ya yi wa Abba Kyari rasuwa, shugaban ma'aikatan fadar shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, bayan ya kamu da cutar korona. Kwamishinan ayyuka na jihar Kano, Injiniya Mu'azu Magaji, wanda aka fi sani da Ɗan Sarauniya, ya yi rubutu a shafinsa na Facebook, jama'a da dama suka fahimce shi a matsayin murna da mutuwar. Washegari gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya tuɓe shi. A ƙasar Hausa, inda ko abokin gaba ya mutu addu'a ake yi masa, kaɗan ne suka tsaya masa.

Na biyu ya fi wuyar yanke hukunci. Salihu Tanko Yakasai, mai ba gwamnan shawara kan watsa labarai, an dakatar da shi a watan Oktoba na 2020 saboda ya soki Buhari a Twitter lokacin zanga-zangar adawa da ƴan sandan SARS, daga baya aka mai da shi. A ranar 26 ga Fabrairu na 2021 ƴan bindiga suka kwashe ɗaruruwan ƴan mata daga makarantar kwana ta Jangebe a jihar Zamfara. Yakasai ya rubuta cewa gwamnatin jam'iyyarsu ta APC ta gaza kare rayuka, ko ta magance matsalar ko ta sauka. Hukumar tsaron farin kaya ta tsare shi, kuma a ranar 27 ga watan aka sanar da korarsa. Abin da ya faɗa, dubban iyaye sun faɗe shi a ranar, wasu ma da zafin da ya fi nasa. Bambancin kawai shi ne shi yana cin albashin gwamnatin da yake suka.

Sai dai mai karatu ya lura: waɗannan biyun masu muƙamin siyasa ne, wanda ya naɗa su yana iya sauke su ba tare da ya ba kowa hujja ba. Malamin makaranta ko akawun kamfani ba haka yake ba. Ma'aikacin gwamnati yana da kwamitin ladabtarwa da zai saurare shi, na kamfani kuma yana da sufeton aiki, da sandika, da kotun ma'aikata. To, in magana ta kai gaban alƙali, me yake dubawa?

A nan yana da amfani a leƙa Faransa, tun da yawancin dokokin aikinmu daga nata aka tsiro da su, ko da yake hukuncinta ba ya ɗaure alƙalin Yamai. A watan Satumba na 2018 kotun ƙolin ƙasar ta duba ƙarar wata ma'aikaciya da aka kora don ta zagi shugabarta a wani rukuni na Facebook. Rukunin a rufe yake, mutum 14 ne kawai a ciki, kuma sai da izini ake shiga. Kotu ta ce wannan hira ce ta sirri, ba ta isa hujjar kora ba. Shekara biyu bayan haka, a Satumban 2020, kotun nan dai ta tabbatar da korar wata ma'aikaciyar kamfanin tufafi na Petit Bateau. Ita hoton sababbin kayan da ba a kai ga fitarwa kasuwa ba ta sa a shafinta, inda take da abokai fiye da 200, cikinsu har da ma'aikatan kamfanonin da ke gasa da nata. Wa ya kai hoton wurin shugabanni? Abokiyar aikinta ce, wadda ita da kanta ta karɓa cikin abokanta. Ɗan kasuwar da yaron shagonsa ya taɓa kwarmata farashin sari ga maƙwabci ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hukunci.

Wato alƙali ba ya tsayawa kan cewa salular taka ce, ko a gida ka yi rubutun bayan sallar isha'i. Yana tambayar mutum nawa ne za su iya gani, ko maganar ta tona asirin wurin aiki, da irin ɓarnar da ta jawo. A kan haka ne kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba wata mai shara gaskiya a watan Yuni na 2021. Ma'aikatar ilimi ta Turkiyya ta kore ta ba tare da diyya ba, don kawai ta danna alamar “na so” ƙarƙashin rubuce-rubucen wasu masu sukar hukuma. Kotun ta ce danna alama bai kai nauyin rubutawa ba, matar ba sananniya ba ce, kuma horon ya wuce laifin nesa ba kusa ba. A ganinmu wannan hukunci ya yi daidai, domin mai aiki da ya ɗauki ƙarfin mutum haya bai sayi ra'ayinsa ba.

A nan gida Nijar, abin da ma'aikaci ke iya rasawa ya wuce albashi. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta watan Yuli na 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi. A 2022 aka cire ɗaurin aka bar tara, sa'an nan a watan Yuni na 2024 wata doka ta gwamnatin soja ta mai da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan watsa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Ma'aikacin gwamnati kuma, ban da wannan, yana ƙarƙashin wajibin kame baki, wanda ba ya ƙarewa da tashi daga sarwisi, kuma yana ƙara nauyi gwargwadon girman muƙami. Saƙon murya da aka tura wa rukunin ƴan ajinmu na lise a WhatsApp, mai mutum ɗari biyu, da wuya lauya ya iya gamsar da alƙali cewa hirar sirri ce irin ta mutum 14.